Lu'ulu'u Mai Aibi

Da Humaira ta kunna koren hasken leza da safiyar Lahadi, dutsen bai amsa ba. Ta gyara tabarau mai ruwan lemo da ke fuskarta, ta kashe, ta sake kunnawa. Inda ya kamata ta ga ɗigon ja kamar garwashi, babu komai sai koren da ke ratsawa yana wucewa abinsa.

Dutsen lu'ulu'u ne, amma ba irin na zoben amare ba. Ɗan falle ne da bai fi ƙwayar dawa ba, a inji aka haɗa shi, kuma da gangan aka cusa masa aibi: ƙwayoyin naitirojin, kowacce da ɗan gurbi a gefenta. In ka kai wa mai sayar da gwal, ko kallo na biyu ba zai yi masa ba. Amma aibin nan shi ne dukiyar. In aka haska masa kore sai ya mayar da ja, jan kuma yana ƙaruwa yana raguwa da duk wani motsin maganaɗisu da ke kusa, har da ɗan wanda zuciyar mutum ke fitarwa in ta buga. Masana suna kiran wannan fanni kimiyyar kwantom. Shekara da shekaru abin yana ɗakin bincike na jami'a, sai yanzu ƙaramin kamfaninsu da ke wani bene a unguwar Madinat Nasr ta birnin Alƙahira ya mayar da shi na'urar da za ta auna zuciya ba tare da an taɓa jikin majiyyaci ba. Ranar kuwa masu zuba jari, waɗanda suka sauka a wani otal a unguwar Zamalek, za su zo bayan azahar su gani da idonsu.

Humaira, 'yar Zariya da karatun digiri na uku ya kawo Alƙahira, ta leƙa ta madubin ƙara girma. Akwai dutse a mazauninsa, amma fari ne fes, irin na gwaji da suke ajiyewa a durowa. Wani ya ɗauke mai aibin ya sa lafiyayye.

Dokta Husam, mai kamfanin, ya shigo da gudu har igiyar takalminsa na kwancewa. Ya leƙa, ya ɗago, fuskarsa ta koma kamar toka.

"Jiya da yamma duk mun ga jan nan da idonmu," in ji shi cikin Larabcin Misira. "Ya Isam! Kulle ƙofar bene. Ko kyanwa kada ta fita."

Eman, injiniyar da ta fi kowa daɗewa a kamfanin, tana tsaye da jaka a kafaɗa. "Ya Duktur, ni fa zan je Zamalek in ɗauko baƙin."

"Ba inda za ki. Su hau tasi."

Aka yi bincike. Isam mai gadi ya lalube aljihun maza, ya zazzage jakunkuna a kan tebur. Mata suka shiga kicin su binciki juna. Humaira ta shafa aljihun Eman da hannun rigarta, cike da kunya, tana ta ba ta haƙuri. Ita kuwa Eman da ta zo kan Awadiyya mai shayi, sai da ta sa ta warware lafayarta kaf, ta cire ɗankwali, ta bi kitsonta layi layi da yatsa. Ba a sami komai a jikin kowa ba. Amma a cikin jakar Awadiyya da ke rataye bayan ƙofar kicin, ƙarƙashin ƙullin kirfa, Isam ya zaro wani ɗan akwatin roba mai haske. Shi ne gidan farin dutsen gwaji, kuma babu komai a ciki.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Dokta Husam. "Ba ni katinki."

Awadiyya ta zaro katin 'yan gudun hijira daga ƙirjinta. Ya karɓa ya jefa a aljihun kwat.

"Ki fito da dutsen, ko in kira 'yan sanda su fito da shi."

Humaira ta san abin da wannan kira yake nufi. Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka, tafiya ta tsaya musu a Maiurno. A Khartum take sayar da shayi har yaƙi ya kore ta, ta iso Arba wa Nus, unguwar 'yan gudun hijira a gefen Alƙahira, da jikarta Hiba, wadda ba ta da kowa a duniya sai ita. Mai irin katinta in ya shiga ofishin 'yan sanda da sunan sata, sau da yawa motar da ke zuwa kan iyaka ce ke fito da shi, kuma ba mai tambayar wa ya bari a gida. Humaira ce kuma ta kawo ta aikin nan, tun ranar da ta ji ta tana yi wa jikar faɗa da Hausa a cikin ƙaramar bas.

"Ya Duktur," in ji Humaira, "in 'yan sanda suka zo, baƙinka za su tarar da su a ƙofa. Ka bar ni zuwa azahar. Zan tayar da Teta, ko za ta fisshe mu kunya, in kuma yi 'yan tambayoyi."

Teta, wato Kaka a bakin Misirawa, ita ce na'urarsu ta farko, wadda aka yi wa ritaya aka lulluɓe da zane a ɗakin waje. Dutsenta tsoho ne, jinta ya yi nauyi, bugun zuciya dai sai ta Allah. Dokta Husam ya dubi agogo, ya dubi Teta kamar mai duban surukar da ba ya so.

"Zuwa azahar. Da an kira salla zan ɗaga waya."

Kafin ta taɓa Teta, Humaira ta koma ɗakin ciki ita kaɗai. Ba kyamara a ɗakin, don wayoyinta suna damun awo. Ta daɗe tana kallon farin dutsen. Kowane dutse nasu an yanke masa kusurwa ɗaya, kuma dole yankakkiyar kusurwar ta fuskanci wayar jan ƙarfe, in ba haka ba awo ya karkace. Ta wannan tana fuskantar wayar daidai. Ta duba hantsakin da ake ɗaukar dutse da shi. An wanke shi, an mayar masa da hularsa ta roba, an kwantar da shi a gurbinsa.

Ta fito ta kunna Teta. Wani siririn layi ya bayyana a allon kwamfuta yana tafiya a miƙe, alamar babu maganaɗisu a kusa. Ta juyo da allon gabanta, ta kira Awadiyya.

"Zauna, Inna."

"Bar ni a tsaye, 'yata. Yau ba ranar zama ba ce."

"Kin taɓa shiga ɗakin ciki?"

"Wallahi ko bakin ƙofarsa ba na gogewa sai Duktur yana tsaye. An ce mini awarwarona ma yana ɓata musu aiki."

"Yaushe kika buɗe jakarki ta ƙarshe?"

"Da na ɗebi kirfar shayin safe. Babu wani akwati a lokacin. Da na gani ai da na ɗauka na magani ne na kawo miki."

"Wa ya shiga kicin bayan an kulle ƙofa?"

Awadiyya ta lissafa da yatsu. "Injiniya Mazin ya shiga neman ashana. Eman ta shiga shan ruwa. Duktur ma ya leƙo yana zagi." Ta sassauta murya. "Ya bitti, 'yata, Hiba tana makaranta. In ta dawo ba ta same ni ba, makullin yana wurin maƙwabciyata Lina. Ki gaya wa Hiba kada ta jira ni a bakin titi."

Humaira ta riƙe hannunta. "Ke za ki gaya mata da bakinki, Inna."

Dokta Husam ne Humaira ta kira na biyu. Ya ƙi zama shi ma, amma shi don fushi.

"Ni kike tuhuma? Ni zan saci kayana?"

"In mutum yana tsoron kada na'urarsa ta ba shi kunya gaban baƙi, sata uzuri ce mai kyau."

"Na'urar tana aiki, ke shaida ce!"

"Haka ne. Miƙo hannunka, ya Duktur."

Ya miƙa ba tare da ya san dalili ba. Yatsun suna karkarwa kamar kullum, aikin gahawa da sigari. Rabonsa da ɗaura dutse tun ranar da ɗaya ya suɓuce masa, kamfanin gaba ɗaya ya wuni da rarrafe a ƙasa ana nema. Wanda ya yi musanyar nan hannunsa tsayayye ne, kuma cikin sauri ya yi ta. Humaira ta sallame shi.

Mazin, injiniyan madubai, ya zo yana sosa ƙeya. Yana zama layin Teta ya yi tsalle har ya kusa fita daga allo. Humaira ta daure fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Ya bashmuhandis, babban injiniya, me ke aljihunka?"

"Ba komai. Isam ya duba."

"Fito da ba koman."

Ya zaro ɗan gidan abin saurare na kunne, irin mai rufewa da maganaɗisu. Ta ce ya kai tiren da ke bakin ƙofa, inda kowa ke zube waya da makullai. Da ya dawo layin ya kwanta lafiya lau.

"Ina kake tun da ka zo?"

"A baranda."

"Kana me?"

Ya waiwaya, ya rage murya. "Ina magana da wani kamfani a Dubai. Aiki nake nema, ya Humaira. Don Allah kada Duktur ya ji."

Ta leƙa ta tambayi Isam. Ya ce ƙwarai, tun da Mazin ya hau yake hango shi daga ƙasa yana zuba masa tokar sigari a ka. Humaira ba ta yi mamaki ba. Mazin dai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa mayar wa hantsaki hula ba, kullum sai an bi bayansa ana tsinta.

Tana nan zaune tana juya al'amarin, Eman ta gifta ta bayan kujera za ta kicin. Layin ya ɗaga, ya sauka. Humaira ta ɗauka idonta ne. Eman ta dawo riƙe da kofi, layin ya sake ɗagawa. Wayar Eman tana cikin tire, jakarta tana kan teburin Isam, aljihunta kuwa Humaira da hannunta ta shafa su. Ta ɗaga ido a hankali ta dubi abin da ba ta taɓa ba. A ƙarƙashin haɓar Eman, inda mayafinta ya haɗu, akwai wani ɗan maɓalli mai ruwan gwal.

Jikinta ya yi sanyi, don tana son Eman. Ita ta koya mata aikin nan, ita ta raka ta neman ɗaki lokacin da masu gida ke rufe ƙofa da sun ga baƙar fuska.

Ladanin masallacin layin ya fara gyaran murya a lasifika. Dokta Husam ya nufi tire zai ɗauki waya.

"Dakata, ya Duktur. Kowa ya matso. Eman, habibti, zo ki zauna nan."

Eman ta zauna tana murmushin gajiya. "Yalla, yi tambayarki. Baƙi na hanya."

"Wanda ya ɗauki dutsen ya bar fararen duwatsu masu ƙyalli a durowa, ya ɗauki mummunan. Ɓarawon titi ba zai yi haka ba. Ya sa na gwaji a gurbinsa, ya juya yankakkiyar kusurwa ta fuskanci waya, ko da yake dutsen banza ne, ko ta ina aka juya shi ba abin da zai auna. Hannunsa ne ya saba, ya yi kafin kansa ya tuna. Ya kuma wanke hantsaki ya sa masa hula. Inna Awadiyya ba ta san akwai kusurwa ba. Hannun Duktur na rawa. Mazin bai san inda hular take ba."

"To saura ni da ke," in ji Eman. "Ke kika fara ganowa, ke kika kawo matar. Ni ma sai in ce ke ce."

"Gaskiyarki. Shi ya sa ba ni zan yi magana ba." Humaira ta juya allon ya fuskanci kowa. "Teta ce za ta yi. Juya kanki dama."

Eman ba ta motsa ba. Amma numfashinta kaɗai ya isa, layin yana hawa yana sauka tare da ƙirjinta.

"Makona na farko a nan," in ji Humaira, "na zo da maɓallin mayafi mai maganaɗisu, irin wanda 'yan mata ke yayi don kada fil ya huda musu yadi. Kika tsayar da ni a ƙofa, kika ce mai sa wannan ba ta san inda take aiki ba. Kika koya mini ɗaurin da ba ya buƙatar ƙarfe. Tun da na san ki ban taɓa ganin maganaɗisu a jikinki ba sai yau. Kin lissafa cewa da dutsen ya bar mazauninsa ba sauran abin da ke ji a gidan nan. Kin manta da tsohuwa."

"Mayafina ne. Ba mai taɓa mini shi."

"Da wannan kika dogara. Isam ba zai taɓa ba, Duktur ba zai taɓa ba, ni ma kunya ta hana ni. Ke kuwa kunyar ba ta hana ki tuɓe wa sa'ar mahaifiyarki ɗankwali ba." Humaira ta juya ga mazan, ranta a ɓace ƙwarai. "Maza su juya baya. Ki cire da kanki."

Mazan suka juya. Eman ta daɗe tana kallon allon. Daga bisani ta kai hannu wuyanta, ta raba maɓallin gida biyu. Tsakanin ɓarin biyu akwai 'yar takardar goge madubi a naɗe. Humaira ta kai ta ɗakin ciki da hantsaki, kowa na biye da ita, ta warware, ta haska kore. Ɗigon ja ya tashi.

"Lissafinki shi ne ba mai kunna leza sai baƙi sun iso," in ji Humaira. "Kafin nan kin je Zamalek kin miƙa wa mai jiranki, kin yar da akwatin a hanya. Na zo da wuri, aka kulle ƙofa, akwatin ya zame miki kaya. Sai kika nemi jakar wadda ba za a tambaye ta dalili ba."

Eman ta dubi Dokta Husam, idonta a bushe. "Ni na gano yadda ake gasa dutsen nan ya yi wannan ji. Ƙuruciyata na ƙarar a kansa. Ka rubuta takardar mallaka da sunanka kai kaɗai, yau kuma za ka sayar da rabin kamfani ko shawara ba ka yi da ni ba. Waɗancan masu son karɓar dutsen a hannuna sun ce za su sa sunana."

Dokta Husam ya jawo kujera ya tura mata. Ya goge gumi, ya mayar da wayarsa cikin tire.

"Wannan magana ta cikin gida ce," in ji shi a hankali. "Ba sai 'yan sanda sun shigo ba. Mahaifinta abokina ne, kuma in baƙi suka ji, mun mutu. Za mu zauna da lauya gobe." Ya juyo yana tafa hannu. "Yalla, Humaira, ɗaura dutsen. Awadiyya, ma'alish, yi haƙuri. Ɗora shayi, baƙi sun kusa."

Humaira ta ajiye hantsakin, ta mayar masa da hularsa.

"Katinta yana aljihunka, ya Duktur."

"Zan ba ta, zan ba ta. Lokaci na tafiya."

"Hannunka na rawa, Mazin kuma sai ya wuni bai daidaita kusurwa ba. Ni kaɗai ce zan ɗaura shi kafin su hawo bene. Ka ba ta a hannu, a gaban waɗanda aka tuɓe ta a gabansu, ka faɗi abin da ya faru."

Ƙarar hon ɗin tasi ta taso daga ƙasa. Dokta Husam ya zaro katin, ya miƙa da hannu biyu, ya ce an zalunce ta, ba ta ɗauki komai ba. Bai iya kallon idonta ba.

Awadiyya ta karɓa, ta goge katin da gefen lafayarta kamar ya faɗi a ƙasa, ta mayar ƙirjinta. Ta tsaya gaban Eman, wadda kullum da safe ita take fara kai wa shayi mai citta saboda ciwon maƙogwaronta. Eman ta sunkuyar da kai. Awadiyya ta juya ga Humaira. Da Hausa ta yi magana, don Humaira kaɗai ta ji.

"Kin gani, 'yata? Ita da ta ɗauka an ba ta kujera. Ni da ban ɗauka ba, mota aka kusa kira mini."

"Na gani, Inna."

"To ɗaura musu dutsensu. Allah Ya yi miki albarka."

Ta shiga kicin. Humaira ta ɗauka butar shayi za ta ɗora, sai ta ga ta fito da jakarta a kafaɗa, da ƙullin kirfarta da 'yar tukunyar cittarta a hannu. Isam ya dubi Dokta Husam, ya buɗe mata ƙofa ba tare da an ce ya buɗe ba. A kan matakala Awadiyya ta yi kiciɓis da baƙi masu kwat suna hawowa, ta raɓe ta ba su hanya, ta sauka ta tari bas ɗin Arba wa Nus tun Hiba ba ta taso daga makaranta ba.